Helen Keller: Makauniya Kuma Kurma Da Ta Bi Diddigin Abin Da Ke Makantar Da Mutane

Yau za mu ɗauko tarihin wata mata 'yar ƙasar Amurka wadda ta mutu tun shekarar 1968, wato Helen Keller. Da yawa daga cikinmu sun san sunan ba su san mai shi ba, domin a Nijar da Najeriya da Kamaru da Mali da Burkina Faso akwai ƙungiyar kiwon lafiya mai wannan suna, ana jin sa lokacin rabon bitamin A ga yara ko lokacin yaƙi da ciwon ido na amodari. Waɗanda kuma suka ji labarinta a makaranta, galibi a wuri guda ake tsaya musu: wata yarinya 'yar wajen shekara bakwai tana tsaye a bakin famfo, ruwa na zuba a hannunta, ta gane kalmarta ta farko. Alhali kuwa ta rayu shekara 81 bayan wannan rana, kuma abin da ta yi da waɗannan shekaru shi ne ya sa muka ga ya dace a ba da tarihinta cikakke, har da wuraren da ba su yi wa masu yabonta daɗi ba.

An haife ta ranar 27 ga watan Yuni 1880 a Tuscumbia, wani ƙaramin gari a jihar Alabama da ke kudancin Amurka. Shekara 15 ke nan da ƙare yaƙin basasar ƙasar, wanda aka gwabza a kan batun bauta, kuma mahaifinta Arthur Keller kyaftin ne a rundunar Kudu da aka ci da yaƙi. Danginsu masu bayi ne a da. Bayan yaƙi dukiya ta ja baya, ya koma noma da buga wata 'yar jarida. Yarinyar ta zo duniya lafiya lau, tana gani tana ji, har ta fara tafiya da gwarancin magana. Tana da wata 19 zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita, har aka fid da rai. Likitocin yanzu suna kyautata zaton ko dai sanƙarau ne ko wani zazzaɓi mai fesar da jan ƙuraje. Da ciwon ya sake ta, mahaifiyarta Kate ta lura ba ta ƙifta ido idan an gitta mata hannu, ba ta kuma waiwayowa idan an kaɗa ƙararrawa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu auna girman abin. Makaho yana da kunne, da shi yake ɗaukar harshe da karatu, kuma mun san makafi da suka zama manyan masana. Kurma yana da ido, yana kallon fuska da hannu ya fahimta. Wanda ya rasa duka biyun tun bai mallaki harshe ba, hannu da hanci da baki kaɗai suka rage masa. Yarinyar nan ba ta ma san abubuwa suna da sunaye ba. Da kanta ta ƙirƙiro alamu fiye da 60 da take sadarwa da mutanen gida: idan ta ja mutum, zo ke nan, idan ta tura shi, tafi, idan burodi take so sai ta kwaikwayi yanka shi da shafa masa man shanu. Takan tsaya tsakanin mutum biyu masu hira ta taɓa leɓunansu, ta ji suna motsi, ita ma ta motsa nata, ba wanda ya gane. Sai fushi ya turnuƙe ta, ta yi ta shuri da ihu har ta gaji. Ta taɓa kulle mahaifiyarta a ɗakin ajiya na tsawon awa uku, ta kuma taɓa kifar da gadon ƙanwarta jaririya tana ciki. A cikin dangi akwai masu ganin a kai ta gidan masu taɓin hankali a huta.

Uwar ce ta ƙi. Ta karanta a wani littafin tafiye-tafiye na marubucin Ingila Charles Dickens labarin wata Laura Bridgman, makauniya kurma da aka koya wa karatu a makarantar makafi ta Perkins, wadda a lokacin take Boston, tun wajen 1837. A 1886 iyayen suka kai Helen wurin wani likitan ido a Baltimore, ya ce ido kam ba abin da za a yi masa, amma yarinyar za ta iya karatu. Ya tura su wurin Alexander Graham Bell, mutumin da ya ƙago wayar tarho, wanda asalin sana'arsa koyar da kurame ce. Shi kuma ya haɗa su da shugaban Perkins, Michael Anagnos, wanda ya zaɓo musu wata ɗalibarsa da ta gama karatu a shekarar, mai suna Anne Sullivan, 'yar shekara 20, a kan albashin dala 25 a wata.

Ba za a fahimci tarihin Helen ba sai an san wace ce wannan malama. 'Yar talakawa ce baƙin haure daga ƙasar Ailan. Tana da shekara biyar amodari ya kama idonta, wannan ciwon dai da muka sani a ƙauyukanmu, wanda ƙuda da ƙarancin ruwan wanke fuska suke yaɗawa. Uwarta ta mutu, ubanta ya watsar da su, aka kai ta ita da ƙanenta Jimmie gidan gajiyayyu na Tewksbury a 1876, inda aka cakuɗa marayu da tsofaffi da marasa lafiya. Yaron bai yi wata da yawa ba ya mutu a can. Ita kuwa ta yi shekara huɗu, har ranar da masu bincike na hukuma suka zo duba gidan, ta tare shugabansu ta roƙe shi a kai ta makaranta. Ta shiga Perkins tana da shekara 14 ba ta iya rubuta sunanta ba, ta fito a matsayin wadda aka zaɓa ta yi jawabin bankwana a madadin ajinsu. An yi mata aikin ido ta samu ɗan gani, kuma a can ta koyi baƙaƙen yatsu, wato hanyar da kowane harafi yake da siffar da yatsu ke yi, har ta riƙa hira da Laura Bridgman da su. Ke nan makafi biyu ne suka haɗu a Tuscumbia ranar 3 ga Maris 1887, ɗaya zazzaɓi ya makantar da ita a gidan rufin asiri, ɗaya talauci ya kusa makantar da ita. Wannan bambanci mu riƙe shi, za mu dawo kansa.

Farkon zaman faɗa ne. Helen ta saba zagaya teburi tana sa hannu a kwanon kowa, ba mai hana ta saboda tausayi. Malama ta hana, aka yi ta kokawa har mutanen gida suka fice daga ɗakin. Wata rana yarinyar ta kulle ta a ɗakin bene ta ɓoye makulli, sai da uban ya kawo tsani aka sauko da ita ta taga. Anne ta ga muddin iyaye na kusa ba tarbiyyar da za ta zauna, sai ta nemi a bar su su biyu a wani ɗan gida da ke cikin lambu, suka yi kamar mako biyu. Duk wanda ya taɓa riƙon yaro mai lalura ya san wannan tsaka mai wuya: tausayin da ke hana a ce masa kul, shi ne kuma yake nuna an yanke ƙauna daga gare shi.

Tun ranar farko take rubuta mata kalmomi a tafin hannu da yatsu, ta fara da sunan 'yar tsanar da ta kawo mata tsaraba. Helen tana kwaikwayo daidai, amma a wurinta wasan yatsu ne kawai. Wata guda ana haka. Ranar 5 ga Afrilu suka yi ta fama a kan bambancin kofi da ruwan da ke cikinsa, abin ya gagara, sai malamar ta ja ta zuwa famfon gidan. Ruwa mai sanyi na kwarara a hannu ɗaya, ita kuma tana maimaita haruffa biyar na kalmar ruwa ta Turanci a ɗaya hannun. Nan take yarinyar ta tsaya cik. Ta gane wannan motsin yatsu sunan abin da ke zuba ne, kuma idan ruwa yana da suna, to komai ma yana da shi. Ta taɓa ƙasa ta nemi sunanta, ta taɓa famfon, ta juyo ta taɓa malamar. Kafin dare ta riƙe kalma 30.

Abin da Anne ta yi bayan nan ya fi ranar famfo muhimmanci a ganinmu, ko da yake ba a cika faɗinsa ba. Ta lura jariri mai ji ba a zaunar da shi a ba shi jerin kalmomi ya haddace, magana ake yi masa dare da rana tun bai gane ba, har harshen ya zauna. Sai ta yi watsi da jadawalin aji, ta riƙa zuba wa Helen cikakkun jimloli a hannu duk inda suke, a gona, a bakin kogi, a wurin kaji. Ba da jimawa ba yarinyar ta fara karanta haruffa masu tudu, sannan rubutun makafi na ɗige-ɗige wanda Louis Braille ɗan Faransa ya ƙirƙiro. A 1888 suka tafi Perkins, rahotannin Anagnos kuma suka sa sunanta ya bazu a jaridu tun tana ƙarama. A 1890 wata malamar kurame, Sarah Fuller, ta fara koya mata furuci: ta ɗora yatsu a leɓe da maƙogwaron mai magana ta ji yadda suke motsi, ta kwaikwaya. Ta yi magana, amma muryarta ba ta taɓa fita sosai ba, baƙo ba ya ganewa sai da mai maimaitawa, kuma wannan ya dame ta har tsufanta.

Shahara tun ƙuruciya tana da nata haraji. Tana da shekara 11 ta rubuta wani ɗan labari ta aika wa Anagnos kyauta, aka buga shi, sai aka gano ya yi kama sosai da labarin wata marubuciya Margaret Canby. Da alama an taɓa karanta mata shi a hannu shekaru kafin nan, ya zauna a ranta ta manta tushensa. Makarantar ta zaunar da kwamitin mutum takwas, aka fitar da malamarta, aka yi ta yi wa yarinya tambayoyi kamar a kotu. Suka rabu huɗu da huɗu, Anagnos ya raba gardama da goyon bayanta, daga baya kuma ya juya musu baya. Tun daga lokacin zargin ya bi ta: wai ba tunaninta ba ne, na wanda ke riƙe da hannunta ne.

Ta dage sai ta shiga jami'a. Marubuci Mark Twain, wanda ya zama amininta, ya sa attajirin man fetur Henry Rogers ya ɗauki nauyin karatun. A 1900 ta shiga kwalejin Radcliffe, ɓangaren mata na jami'ar Harvard. Mu duba yadda karatun yake. Malami na bayani, Anne na zaune gefenta tana zuba mata shi a hannu harafi-harafi. Hannun da za ta rubuta abin tunawa da shi, shi ne ke sauraro, don haka sai ta koma gida ta buga abin da ta riƙe a tafireta. Yawancin littattafan babu su da rubutun makafi, sai Anne ta yi ta karanta mata awa da awa da idonta mai ciwo, likitoci na gargaɗinta. Ga kuma wata wahalar da masu ido suka jawo: a lokacin akwai tsarin rubutun makafi iri-iri masu gaba da juna, na Ingila daban, na Amurka daban, na New York daban, dole ta koye su duka. Da haka ta karanta Jamusanci da Faransanci da Latin da Girkanci, ta fito da digiri mai daraja a 1904, ita ce makauniya kurma ta farko da ta samu digirin jami'a. Tana ɗaliba ta fitar da littafin tarihin rayuwarta a 1903, wanda wani malamin Harvard, John Macy, ya taimaka wajen shiryawa. Shi ne ya auri Anne a 1905, su uku suka zauna gida ɗaya.

Yawancin masu ba da labari a nan suke rufe littafi. Da ita ma ta tsaya nan, da ta ci gaba da zama abin sha'awa, ana kiranta taro ana tafa mata. A 1906 jihar Massachusetts ta naɗa ta cikin hukumar kula da makafi, sai ta fara tambayar da ta canza rayuwarta: su wane ne makafin nan, kuma me ya makantar da su? Ita da kanta ta faɗa daga baya cewa da tana ɗaukar makanta a matsayin musibar da ba hannun mutum a ciki. Da ta bincika sai ta ga makanta ta fi yawa a unguwannin talakawa. Ga ma'aikacin da ƙarfe ya fantsama masa a ido a masana'antar da ba ta ba da kariya, ga wanda ciwon idonsa ƙarami ne amma ba kuɗin likita, ga yaran da cunkoso da ƙazanta suka lalata musu ido, kamar dai malamarta. Ta shiga masana'antu da lungunan marasa galihu da ƙafarta, abin da ido bai nuna mata ba hanci ya gaya mata. Ta kuma gane cewa ita kanta, ba don an haife ta a gidan da ake karanta Dickens ake iya biyan kuɗin jirgin ƙasa zuwa Baltimore ba, da ƙila a gidan gajiyayyu za ta ƙare.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne makantar jarirai. Kaso mai yawa na yaran makarantun makafi a wancan zamani sun makance ne a kwanakin farko na haihuwa, saboda ciwon sanyi da mahaifiya ke ɗauke da shi, galibi daga mijinta ba da saninta ba, ya shiga idon jariri lokacin fitowa. Maganin kuwa sananne ne tun 1881, lokacin da wani likitan Jamus mai suna Credé ya nuna ɗigon wani ruwan magani mai arha a idon jariri yana hana abin. Amma ciwon na kunya ne, ba a ambatonsa a jarida, ballantana daga bakin budurwa. Helen ta rubuta a kansa ƙarara a wata babbar mujallar mata a 1909, ta nemi iyaye mata su san gaskiya, a kuma wajabta wa likitoci da ungozomai ɗiga maganin. Ba ita kaɗai ta yi wannan yaƙi ba, amma sunanta ya buɗe ƙofofin da suka ƙi buɗuwa, jihohi kuma suka bi da bi suna kafa dokar. Mu a wurinmu, ko wannan kaɗai ta yi ya isa a tuna da ita, domin kunya tana da muhallinta, amma kunyar da ke barin jariri ya makance ba ta da wani amfani.

Wannan bincike ne ya kai ta siyasa. A 1909 ta shiga jam'iyyar 'yan gurguzu ta Amurka, tana karanta jaridunsu na Jamus da ake bugawa da rubutun makafi. Ta goyi bayan ma'aikatan masaƙa da suka yi yajin aiki a garin Lawrence a 1912, ta nemi a ba mata 'yancin jefa ƙuri'a, ta yi adawa da sa yara aikin masana'antu, ta kuma yi ta jawabi kan kada Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba sai mutum ya yarda da gurguzu ba kafin ya ga rashin adalcin abin da ya biyo baya. Jaridun da jiya suke kiranta abin al'ajabi suka koma cewa ai makauniya ce kurma, ina ta san duniya, na kusa da ita ne ke cusa mata ra'ayi. Editan jaridar Brooklyn Eagle, wanda ya taɓa yi mata yabo baki da baki, ya rubuta cewa kurakuranta daga naƙasarta suke. Ta mayar masa da martani a 1912 cewa lalurarta ba ta ƙaru ba tun ranar da ya yabe ta, ra'ayinta ne kawai ya daina yi masa daɗi. A 1916 kuma ta aika dala 100 da wasiƙar goyon baya ga ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP, ita 'yar Alabama, jikar masu bayi, a zamanin da ake rataye baƙaƙe ba shari'a. Aka buga wasiƙar, danginta na Kudu suka ji kamar ta tona musu asiri a kasuwa. A 1920 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU.

Amanar tarihi ta sa dole mu faɗi inda ta yi tuntuɓe. A ƙarshen 1915 wani likita a Chicago, Harry Haiselden, ya ƙi yi wa wani jariri da aka haifa da naƙasa mai tsanani aikin da zai iya ceton ransa, yaron ya mutu bayan kwana biyar. Ƙasar ta ɗauki muhawara, Helen kuwa ta rubuta tana goyon bayan likitan, har ta ba da shawarar a kafa kwamitin likitoci da zai riƙa yanke hukunci kan irin waɗannan jarirai. Ra'ayin tace iri ya yi tashe tsakanin 'yan bokon wancan zamani, amma wannan ba uzuri ba ne. Kuskure ne babba, ya kuma fi ciwo da ya fito daga wadda wasu danginta suka taɓa yanke hukuncin ba ta da amfani.

Ta fuskar rayuwarta ta gida, ba ta taɓa samun 'yancin da mutane ke zato ba. A 1916 Anne ta kwanta ciwo, wani matashin ɗan jarida mai suna Peter Fagan ya zo riƙon aikin sakatare, suka so juna, har suka nemi takardar aure a ɓoye. Jarida ta fallasa, mahaifiyarta da dangi suka kore shi, maganar ta mutu. Tana da shekara 36 a lokacin. Kuɗi ma kullum cikin ƙaranci suke. Attajiri Andrew Carnegie ya yi mata tayin fansho a 1910 ta ƙi saboda aƙidarta, bayan shekara uku larura ta sa ta karɓa. Daga 1920 ita da Anne suka yi wasu shekaru suna zagaya gidajen wasa, suna ba da labarinsu na 'yan mintuna tsakanin mawaƙa da masu barkwanci, 'yan kallo na jefo tambayoyi. Abokai sun ga abin zubar da girma ne. Ita kuwa tunaninta yadda malamarta za ta rayu idan ƙarfi ya ƙare.

A 1924 ta fara aiki da Gidauniyar Makafi ta Amurka, ta zauna da ita fiye da shekara 40. Tana bi gari-gari tana tara kuɗi, tana shiga majalisun jihohi da ta tarayya tana neman doka. A 1925 ta yi jawabi a babban taron ƙungiyar Lions a jihar Ohio, daga nan ƙungiyar ta ɗauki yaƙi da makanta a matsayin babban aikinta a duniya har yau. Tana cikin waɗanda suka matsa aka yi dokar 1931 ta samar wa makafi littattafai daga asusun gwamnati, a 1932 kuma aka daidaita rubutun makafi na Turanci ya zama ɗaya, aka huta da rikicin da ya wahalar da ita a jami'a. Sai dai aikin yana da sharaɗi ko da ba a rubuta ba. Masu ba da kuɗi attajirai ne, ba sa son jin gurguzu, don haka ta rage faɗin siyasa a fili. Ko gaisuwar da ta aika wa wata tsohuwar ƙawarta 'yar gurguzu da ke kurkuku a 1955 sai da ta jawo ƙorafin masu ba da gudummawa. A Jamus kuwa 'yan Nazi sun sa littafinta cikin waɗanda suka ƙona a 1933.

Anne Sullivan ta mutu ranar 20 ga Oktoba 1936, bayan idonta ya rufe gaba ɗaya, Helen na riƙe da hannunta. Shekara 49 suna tare. Masu cewa ba ta iya komai sai da malamarta suka zuba ido su ga ta durƙushe. Ba ta durƙushe ba. Da taimakon Polly Thomson, 'yar Sikotilan da ke aiki da su tun 1914, ta tafi Japan a 1937, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ta bi asibitocin soja tana zama da samarin da suka rasa ido ko ji. A 1946 tana Turai gidanta ya ƙone ƙurmus, har da rubutun littafin da ta yi shekaru tana haɗawa a kan malamarta. Ta sake shi daga farko, ya fito a 1955.

Tsakanin 1946 da 1957 ta ziyarci ƙasashe 35, tana tsakanin shekara 66 da 77. A 1948 ta koma Japan ta taka Hiroshima da Nagasaki, a shekarar da ta biyo baya ƙasar ta yi dokar kula da naƙasassu, ana kuma lissafa ziyararta cikin abin da ya ƙarfafa hakan. A 1951 ta yi fiye da wata biyu a Afirka ta Kudu, inda ta tarar hatta makafi an raba su bisa launin fatar da ba sa gani. A 1952 ta zagaya Masar da Labanan da Siriya da Jodan da Isra'ila, a Alƙahira kuma ta gana da Dokta Ɗaha Husaini, marubucin nan makaho da ya yi karatu a Azhar da Faransa har ya riƙe ministan ilimi, wanda shi ma ciwon ido ne da aka yi wa maganin jahilci a ƙauye ya makantar da shi yana yaro. A wannan shekara dai ta yi jawabi da Faransanci a jami'ar Sorbonne, wajen bikin cika shekara 100 da mutuwar Louis Braille. Duk inda ta sauka buƙatunta ba sa canzawa: makaranta ga yaro makaho, sana'a ga babba don kada ya dogara da bara, da rigakafi tun ido bai mutu ba.

Ƙungiyar da muka ambata a farko ta samo asali ne a 1915, lokacin da wani ɗan kasuwar Amurka, George Kessler, wanda ya tsira daga nutsewar jirgin ruwan Lusitania, ya kafa asusun taimakon sojojin da yaƙi ya makantar, Helen na cikin amintattunsa na farko. Asusun ya canza suna sau da dama, a 1977 aka sa masa sunanta, aikinsa kuma ya karkata ga hana makanta da tamowa. Ta haka sunan ya iso ƙasashenmu, inda ake fama da dundumin da ƙarancin bitamin A ke kawowa, da makantar bakin kogi, da amodarin da ya ci idon malamarta. Ana kuma ganin hasken nasara a yankin: Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Ghana ta kawar da amodari a matsayin matsalar lafiyar jama'a a 2018, ta kuma tabbatar Nijar ta rabu da makantar bakin kogi a farkon 2025, ita ce ta farko a Afirka.

Ta fuskar addini Kirista ce, mai bin koyarwar wani malamin Suwidin mai suna Swedenborg, ta kuma rubuta littafi a kan haka a 1927. Polly Thomson ta mutu a 1960. A 1961 Helen ta samu bugun jini, ta daina fita taro. A 1964 shugaba Lyndon Johnson ya ba ta babbar lambar yabon farar hula ta ƙasar, a ƙasar da hukumar bincike ta FBI ta daɗe tana ajiye fayil a kanta. Ta mutu cikin barci ranar 1 ga Yuni 1968 a gidanta da ke jihar Connecticut, saura 'yan makonni ta cika shekara 88. An ƙona gawarta bisa al'adar wasu mutanen can, aka ajiye tokar a babbar majami'ar Washington kusa da ta Anne da ta Polly. A 2009 jihar Alabama ta kai mutum-mutuminta ginin majalisar dokokin Amurka. Siffar da aka zaɓa ita ce ta yarinya 'yar shekara bakwai, tana tsaye a bakin famfo.